Babban Yatsan da Lyle Bai Ɗaga Ba

Ku da kuka cika min waya da saƙonni tun ranar Asabar, kuna cewa kada in kuskura in ba wa alƙalin wasan nan 'yata, ku ɗan sassauta. Na karanta duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ta gan shi a titi ba za ta taka birki ba. Na gode da ƙauna. Amma rabin labari na ba ku, kuma rabin da ya fi yi min kyau na zaɓa. Yau ga sauran.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Orville Stamper, shekarata sittin da takwas. A aji takwas na bar makaranta. Na ja tirela shekara goma sha takwas, jihohin da ban kwana a gefen titinsu ba ba su fi uku ba, har gwiwa ta ce ya isa, na dawo garinmu a kudancin Indiana na buɗe shagon taya. Amma ba da taya aka san ni ba. Shekara ashirin da tara ni ke riƙe littafin ƙwallon kwando a kwalejin garin. In zauna a tsakiyar tebur da rigata mai zanen fari da baƙi, fensir uku a aljihu, duk ƙwallon da ta shiga kwando da duk laifin da aka busa sai sun bi ta hannuna. A garin nan in aka ce Orville ya rubuta, magana ta ƙare.

'Ya ɗaya gare mu ni da Darlene, Corinne, wadda muka samu bayan mun fid da rai. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta ashirin da bakwai. Mai nemanta kuwa Lyle Hutchens ne, da safe yana raba wasiƙu, da yamma ya rataya usur. Tun farko Darlene ba ta ɗoki abin ba. Ta ce, "Duk mazan duniya, sai wanda mutum dubu biyu ke zagi kowane mako?" Duk da haka an tsayar da rana, Lahadin da ta wuce, zai zo cin abinci ya nemi izinina. Kowa a gidan ya sani, kowa na yi kamar bai sani ba.

Asabar ɗin wasanmu na ƙarshe ne a gida, da 'yan ƙetaren kogi, wanda ya ci shi zai tafi gasar yanki. Zaure ya cika har kan matakala. Kuma ranar sallamar 'yan ajin ƙarshe ce, cikinsu har da Tavian Rusk mai lamba sha huɗu. Tavian ɗan Memphis ne, amma shekara huɗu ke nan duk Lahadi a teburinmu yake cin abinci, don mu kwaleji ta ba wa shi mu zame masa iyayen gari. Darlene ta san lambar takalminsa, ta san ba ya cin albasa. Uwarsa kuwa ba ta taɓa ganin wasansa a nan ba sai ranar. Awa tara ta yi a mota. Ta zo da jar hula da takalmi mai tsini, ta zauna kusa da Darlene, ta ƙanƙame furen da aka ba ta kamar za a ƙwace.

Babban alƙalin ranar ya kwanta mura da safe, sai aka turo Lyle ya ja ragamar sauran biyun.

An dawo daga hutun rabin lokaci da minti biyu, Tavian na da laifi biyu, aka cakuɗe ƙarƙashin kwando, hannuwa ta ko'ina. Usur ya tashi. Lyle ya tako gaban tebur ya tsaya cak yadda aka koya musu, ya ɗaga hannuwa: yatsa ɗaya a wannan, huɗu a wancan, babban yatsan a lanƙwashe cikin tafi. Na gani sarai. Sha huɗu. Laifi na uku ke nan da sauran minti goma sha takwas, wato koci zai zaunar da yaron, don a na biyar ake fita. Uwar da ta yi awa tara a mota za ta ƙare da kallon ɗanta yana shan ruwa a benci.

Na waiga, idona ya faɗa kan jar hular nan. Fensirina ya sauka layi ɗaya ƙasa. Sha biyar, Garrett Voss, yaron da ba shi da laifi ko ɗaya, wanda ko an ba shi uku babu mai rasa barci. Hollis, dattijon da ke riƙe wa baƙi nasu littafin, kofi ya zube masa yana ta gogewa, ya ce, "Wa aka ba, Orv?" Shekara ashirin muna zama kafaɗa da kafaɗa da mutumin nan. Na ce, "Sha biyar." Ya rubuta. Mai danna allon maki ma bakina yake bi. Ganguna da ƙahonin ɗalibai sun cika wuri, Lyle ya riga ya juya baya.

Ba zan ɗora wa shaiɗan ba. Ni ne.

Tavian ya ci gaba da wasa, ya ƙara laifi ɗaya a tsakani. Saura minti ɗaya da rabi, muna gaba da maki biyu, aka sake busa masa. A littafina huɗu. Kocin baƙi ya zaburo yana kaɗa yatsu biyar a iska. Lyle ya zo tebur, ya sunkuya, gumi na ɗiga kan shafin, ya bi layi da yatsa har ya tsaya.

"Mista Stamper, wannan na farkon dawowa ni na busa shi. Sha huɗu na ba."

"Sha biyar na gani, yaro."

Ya dube ni. Ba dogon kallo ba ne, amma har yanzu ina jin sa a fuskata.

"To an yi kuskure a littafi. Biyar ne. Ya fita."

Doka ta ba shi wannan dama. Littafin masu gida shi ake bi, sai fa in babban alƙali yana da tabbacin kansa. Amma a shekara ashirin da tara ban taɓa ganin wanda ya yi amfani da ita ba. Tavian ya fita, aka cinye mu da maki uku, kofunan lemo suka yi ta sauka a fili, 'yan sanda biyu suka fitar da alƙalan ta ƙofar baya. Kyamarar zauren guda ɗaya ce, ƙwallo take bi, ba ta kama hannun Lyle ba. Da ɗan rediyon garin ya sa min abin magana a baki, na ce sha biyar aka nuna min, kuma zan iya dafa Littafi Mai Tsarki.

Abin da na ba ku ke nan ranar Asabar, ban da zancen fensir.

Safiyar Lahadi tun kafin gari ya waye nake yawo a gidan. In buɗe firji in rufe. In leƙa taga in ga ƙanƙarar da ta kwana kan a-kori-kurata, in dawo. Na tarar da Darlene a kicin da shuɗiyar rigarta ta coci mai farin wuya, ta ɗaura atamfar girki a kai, gashi cike da abin naɗi, tana juya kaza cikin gari da ƙarfin da bai kamaci kaza ba. Tun Juma'a ta fito da farantan bikinmu masu zinariya a baki ta jera guda biyar. Ina tsaye ta wanke hannu, ta je ta ɗauke ɗaya ta mayar kabad.

"Huɗu ne," ta ce. "Ni, kai, Corinne, Tavian."

"Darlene, yaron nan aikinsa ya yi."

"Aikinsa ne ya mai da kai maƙaryaci gaban gari? Uwar Tavian da kuka ta hau mota da asuba. Kai ba ka da zuciya ne, Orville? To ni ina da ita, ta ishe mu mu biyu. In ya tako min baranda da tsintsiya zan tare shi."

Na ɗauki kofi na kurɓa, ya ƙona min harshe, ban ma ji haushi ba.

Waya ta yi motsi a aljihu. Corinne ce, daga asibiti, ta kusa tashi aiki.

*Baba, ka tashi?*

Na rubuta, *Na tashi, 'yar Baba.*

*Jiya ina bayanka, layi na biyu.*

Ɗigo ukun nan masu nuna tana rubutu suka yi ta rawa, su ɓace, su dawo.

*Tun ina 'yar shekara bakwai nake zama kusa da kai ina feƙe maka fensir. Duk lambar da alƙali ya nuna maka, sai ka ɗaga fensir ka mayar masa, wato ka gani. Kai ka koya min. Jiya sau ɗaya ba ka ɗaga ba.*

Na zauna a kan matakalar bene.

*Ban gaya wa kowa ba. Ko shi. Zan zo cin abinci. Jakata tana mota.*

Na san abin da jakar ke nufi: in ban faɗi gaskiya ba, za ta bar gidan. Ku iyaye, ku yi hankali da abin da kuke koya wa 'ya'yanku.

A coci kuwa sai ka ce daga yaƙi na dawo. Wannan ya riƙe min hannu, wancan ya bubbuga min kafaɗa. Fasto ya hau mumbari ya ce yau wa'azi kan yafe wa maƙiyi ne, amma ya duba sosai bai ga inda aka ambaci alƙalan wasa ba. Aka yi ta dariya, ana waigowa ana kallona. Ni ma na buɗe haƙora. Da aka tashi, Dutch mai aski ya tare ni a ƙofa da takarda a manne a katako.

"Sa hannu muke tarawa a hana ɗan banzan nan usur har abada. Mun bar maka layin farko, Orv."

"Na manta tabarau."

"Sunanka ma sai da tabarau? Tsufa ya zo ke nan."

"Ya zo maka tun kafin ni. Dubi abin da ka yi wa kan Fasto."

Na zame, na ce wa Darlene ta bi maƙwabta gida, zan leƙa shago ko bututun ruwa ya daskare. Ƙarya ta biyu ko ta goma, na daina lissafi.

Ina shan kwanar shagon na hango ƙaramar farar motarsa. Lyle na jingine da ita cikin baƙar kwat da ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa, da jan laktaye, takalmi ya sha goga yana ta ƙyalli cikin taɓon ƙanƙara. Kayan neman aure. A ƙafarsa ga taya kwance, an farka ta da wuƙa daga gefe. Motar a filin kwaleji ta kwana.

"Ba na buɗewa ran Lahadi," na ce.

"Na sani, yallaɓai. Amma kai kaɗai ke da taya a garin nan, kuma ba na jin akwai mai ba ni ko iska yau."

Na buɗe. Aiki ya fi kallon mutum sauƙi. Na cire kwat ɗina na rataye, na mirgino sabuwar taya, na ɗora a inji. Shi kuma ya tsaya hannu a aljihu, aljihun dama ya ɗan turo da wani abu mai kusurwa huɗu. Na yi kamar ban gani ba.

"Misis Okerlund ta kira ka?" ya ce. Ita ce shugabar alƙalan yankin, ita ke raba wasanni.

"Ta bar saƙo."

"Bayani take so a rubuce, ni da kai, kafin ƙarfe uku. Gobe da safe za ta fitar da sunayen masu busa gasa."

"Me za ka rubuta?"

"Zan ce ban tabbata ba. Wataƙila babban yatsana ya buɗe ban sani ba."

"Ya buɗe?"

"A'a."

Inji na ta huci. Na ƙara iska fiye da ƙima, sai da na rage.

"Za su cire ka," na ce.

"Daga gasar bana, tabbas. Manyan da suka fara zuwa kallona ma za su daina. Wanda ya fitar da ɗan wasa kan abin da bai tabbata ba, ba a sake ba shi babban wasa. Sai dai na 'yan sakandare."

"Shekara nawa kana bin wannan hanya?"

"Goma sha ɗaya."

"To don me?"

"Ka riga ka rantse a rediyo, yallaɓai. Ba zan rubuta a takarda cewa kakan 'ya'yana maƙaryaci ne ba."

Na zagaya ƙasar nan, na ga masu yi maka alheri don su rataya maka igiya a wuya, su riƙa ja duk sanda suka so. Na ɗago na duba idon yaron nan ina neman igiyar. Ban gani ba. Wannan ya fi ba ni haushi.

"Ba ka tambaye ni abin da ya faru ba."

"Ba zan tambaya ba."

"Corinne ta san abin da za ka rubuta?"

Nan ne fuskarsa ta ɗan karye. "Ta ce in na rubuta ƙarya saboda ita, in mayar da zoben inda na saya. In na rubuta gaskiya kuma, ka ga dai Misis Stamper. Tun jiya nake juya abin, ko ta ina babu ƙofa." Ya goge hanci da bayan hannu. "Ban so zuwa wasan nan ba. Tun Janairu na shigar da takarda a daina turo ni zaurenku. Wanda zai auri 'yar mai littafi ba ya busa usur a gidansu. Rashin mutum ne ya sa aka kira ni."

Tun Janairu. Zauren da ya fi kowane cika a yankin, yaron ya sallama shi tun kafin ya san ko zan ba shi. Na ɗaura tayar, na ɗaure notuna, na sake bi na ɗaure waɗanda na riga na ɗaure.

"Nawa ne kuɗin tayar?" ya ce.

"Tafi ka ba ni wuri. Kada ka aika komai sai uku ta kusa."

"Zan tsaya wurin shan kofi na bakin gada. Can ba su san fuskata ba."

A hanyar gida dabara ta zo min, irin ta tsofaffin direbobi. Ai akwai hanyar tsakiya. In ce idona ne. Tsoho ɗan sittin da takwas, hayaniya, yatsa ɗaya tak tsakanin sha huɗu da sha biyar. Lyle ya tsira, ni a ce tsufa ne, a ba ni agogon bango da tafi a sallame ni da mutunci. Har na ji yunwa ta dawo min. Na yi ta maimaita maganar a mota ina gyara mata zama.

Gida ya cika da ƙamshi. Soyayyar kaza, dankalin da aka dake da man shanu, koren wake da naman alade, burodin masara, ga kek ɗin tuffa yana hucewa a taga. Corinne ta iso, ba ta ko cire kayan asibiti ba, shuɗin wando da riga, gashi a ɗaure, mukullin mota a gefen farantinta. Ba ta gaishe ni da baki ba, ta ɗan sunkuyar da kai kawai. Tavian na zaune a wurinsa, gwiwoyi na taɓa ƙasan tebur kamar kullum, cikin rigar sanyin da Darlene ta saƙa masa.

Muka riƙe hannuwa, na yi addu'a a gurguje. Darlene ta tula wa Tavian cinyoyi biyu.

"Ci, ɗana. Wanda ya zalunce ka Allah na kallonsa."

Na gyara murya. "Na yi tunani kan abin nan na jiya. Kun san idona ba kamar da ba ne. Yana yiwuwa…"

"Idonka?" Darlene ta ce. "Kai da ka hango min kwalin magani ya faɗa bayan firji daga falo?"

Corinne ta ɗora hannu kan mukulli. Kallona kawai take, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ce ya daina shan taba.

Sai Tavian ya ajiye cokali. Yaron da ke cinye kaza guda shi kaɗai, ko gutsura bai yi ba.

"Mama Darlene, ki daina cewa an zalunce ni. Biyar ne."

"Kai, ba ka cikin hayyacinka."

"Ni na bugi hannun mutumin. Na ga alƙali ya nuna lambata. Na ɗaga kai na ga allo bai canza ba, na san Baba Orv ya yi kuskure, na yi shiru. Da na faɗa wa koci tun lokacin, da an gyara, da ba a jefi kowa da kofi ba." Ya sunkuyar da kai. "Mama ta tambaye ni a tasha, na kasa kallonta. Ni ne macucin. Baba Orv, ka yafe ni, na bar ka ka rantse kan abin da na san ba haka ba ne."

Ya ce in yafe shi. Yaron da na yi wa ƙarya a kan sunansa, ya kwana bai ci abinci ba, yana ɗauke da kayana a kansa, kuma yana neman gafarata. Duk dabarar da na gyara a mota ta zube a nan. In na ce idona ne, Lyle zai tsira, ni zan tsira, shi kuwa zai tafi da wannan har tsufansa.

"Ɗago kanka, Tavian. Ba kuskure ba ne."

Duka suka juyo suna kallona.

"Sha huɗu ya nuna min. Na gani kamar yadda nake ganin farantin nan. Na waiga na ga mahaifiyarka, na rubuta wa Garrett. Hollis ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Na yi wa rediyo. Na yi miki, Darlene."

Shekara arba'in da huɗu da aure, na san duk irin faɗan matar nan, na san wanda ake jefa tawul da wanda ake buga ƙofa. Wannan ban san shi ba. Ta ajiye babban cokalin a hankali cikin dankali. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya a atamfa.

"Ka bar ni na zagi ɗan mutane a coci," ta ce. "Gaban matar Fasto."

"Na bar ki."

"Ka bar ni na sa hannu a takardar Dutch."

"Ban san kin sa ba."

"A layin farko, tunda kai ka manta tabarau." Ta dubi agogo. Biyu da kwata. "Waya tana falo. Ba za ka taɓa kazar nan ba sai ka kira matar."

Na tashi. Daga tebur zuwa falo taku goma sha biyu ne, ban taɓa sanin haka ba sai ranar. Misis Okerlund ta ɗauka a ƙara na biyu, ana jin hayaniyar jikoki a bayanta. Na faɗa mata duka, ban rage ba, ban sa jar hula a ciki don ta tausaya min ba.

"Mista Stamper, ka san ba za ka sake zama a teburin nan ba."

"Na sani."

"Kuma sai na sanar da kwaleji, da ɗaya kwalejin. Gobe gari zai ji."

"Hollis ki bar min shi. Ni zan kira shi da bakina."

"Rubuto min kafin uku. Ka sa hannu."

Da na ajiye waya sai na ga hannuna na ta laluben aljihun gaba, inda fensir ke zama. Babu komai a ciki.

Na koma na tsaya a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, ban san ko an yarda in zauna ba. Tavian ya fara cin kaza, hawaye na zuba, yana ci. Corinne na tsaye a taga da waya a hannu, mukullin kuma ya koma cikin kwanon da muke ajiye mukullai. Ta zo wucewa ta gabana ba ta tsaya ba, sai dai ta ɗan ja hannun rigata, yadda take yi tana ƙarama in tana so in sunkuyo.

Ba a yi minti goma ba farar motar ta shigo da sabuwar tayarta. Muka ji takunsa a baranda, ya tsaya yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi, ya daɗe yana kakkaɓewa. Darlene ta buɗe kabad, ta ciro farantin nan mai zinariya a baki, ta goge shi da atamfa, ta dire shi kusa da na Corinne.

"Biyar ne," ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Lyle ya shigo, laktaye ya karkace, hannu ɗaya cikin aljihun dama. Ya gaida Darlene, ya dubi Tavian, Tavian ya miƙe ya ba shi hannu. Sannan ya juyo wurina ya tsaya cak, yadda yake tsayawa gaban tebur.

"Mista Stamper, akwai abin da na zo in roƙa a wurinka."

Na buɗe baki. Darlene ta kwance atamfar girki, ta ninke ta gida huɗu, ta ja kujerata ta maigida, wadda ba wanda ya taɓa zama a kai sai ni, ta zauna.

"Ni za ka tambaya," ta ce. "Maganar wannan ba ta da daraja a gidan nan sai abin da hali ya yi. Zauna ka ci tukuna. Ina da tambayoyi, kuma ban ce na yarda ba."